Muhandis Attahiru da Ƙafafun Angarib

Duk Hillar Sodangi, ƙauyen nan da ke bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, kudu da garin Hajj Abdalla, babu wanda bai san Attahiru Muhandis, wato Injiniya, ba, kuma babu wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Gaskiyar magana ita ce, shekara ashirin da suka wuce ya yi wata huɗu a Madani yana riƙe wa wani magini bakin mitar awo. Da zai dawo gida ya dawo da mitar a aljihu, ya bar maginin da cigiya. Tun daga ranar ba a sake yin wani abu a gabansa ya yi shiru ba. In ka tayar da katanga, zai zo ya auna ya ce ta karkace. In aka yi maka haihuwa, zai leƙa jaririn ya ce kunnen hagu ya ɗara na dama da santi guda, wato santimita.

Mahaifiyarsa, Iya Kulu, ta shekara shida yanar ido ta rufe mata gani. Ƙanwarsa Muhsina, wadda ke aure a Sinja, ita ta samo likitan da zai cire. Ranar da za a tafi da ita, Iya ta zauna a bakin angarib ɗinta ta sa aka kira mata shi. Angarib dai gado ne na katako da saƙar igiya, kowane gida akwai shi, amma nata na itacen bagaruwa ne, ya yi baƙi ya yi sheƙi don shafa, kuma mahaifinta ne ya sassaƙa mata shi da hannunsa lokacin aurenta.

Attahiru ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ko da yake ya ba hamsin baya har furfura ta fara cin gemunsa.

"Kai, matso nan," in ji ta. "Bisa gadon ga na haife ka, kuma bisansa za a ɗauke ni zuwa kushewa. Shekara shida ina shafa shi da hannu ban ganinsa. In Allah ya buɗe min ido, shi ni ka so in kalla in ƙoshi. Ka yi abin da ka ga dama da gidanka, amma kada hannunka ya taɓa min shi."

"Haba Iya, ni da nike muhandis? Ko ƙuda ba shi sauka kansa sai na auna shi."

"Awon naka ni ka tsoro," in ji ta.

Bayan mako biyu Muhsina ta bugo waya ta ce aiki ya yi kyau, ran Alhamis za su iso. Aka tsayar da maganar karama, wato walimar godiya ga Allah, za a yanka rago a tara dattawan gari. Nan take Attahiru ya ɗaura aniya: idon da ya shekara shida a rufe ba zai buɗe a kan tsofaffin kaya ba. Diwan ɗinsa, ɗakin da yake saukar baƙi maza, sai ya koma irin na cikin hotunan waya.

Ya hau mota zuwa Hajj Abdalla ya shiga wani shagon kayan ɗaki. Ga kujeru nan toka-toka, dogaye, sun kwanta a ƙasa sun lanƙwasa a kusurwa. Ya tambayi kuɗinsu. Da mai shago ya faɗa, Attahiru ya tambaye shi ko har da shagon da matarsa a cikin cinikin. Sannan ya nemi ruwa ya sha. Da ya farfaɗo sai ya zaro mita ya durƙusa. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya leƙa ƙasan kujerar, ya daɗe yana leƙe. Can ya ɗago yana murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Ya zol, bawan Allah, ina ƙafafunta?"

"Ba ta da su. Haka ake yayi yanzu."

"Wato kun rage katako, kun ƙara kuɗi."

"Dizain ke nan," in ji mai shago.

Attahiru ya fito bai sayi ko ƙusa ba. A bakin tasha ya samu wani direban lori yana neman rabuwa da tsohon tamfol mai ruwan toka, ya karɓa a kan abin da bai kai kuɗin buhun gawayi ba, ya aro zarto, ya kamo hanya.

Da yamma ya tarar da majalisa a gindin dalbejiya. Bai jira a gama gaisawa ba.

"Na gano asirinsu. Kayan da attajiran Khartum ka saye da kuɗin gonar hawasha guda, ni zan yi su da kuɗin shayi. Ran Alhamis duk wanda ya shiga diwan ɗina sai ya tambayi ina anka buga masa biza."

Maƙwabcinsa Sa'idu, wanda shi ne ladanin gari, mutum mai tumbi da ciwon gwiwa da ɗan banzan baki, ya kurɓi shayi.

"Mine ne asirin, ya Muhandis?"

"Dizain ragewa ne, ba ƙarawa ba. Duk abin da bai da amfani, ka cire shi."

"To ka fara da magana," in ji Sa'idu.

A Hillar Sodangi in sha'ani ya tashi ba a hayar kujeru. Kowane gida kan aiko da angarib ɗinsa ba tare da an roƙa ba, in an watse kowa ya ɗauki nasa, don mutum ya san gadonsa kamar yadda ya san jakinsa. Kafin ran Litinin gadaje takwas sun iso gidan Attahiru, har da na Sa'idu, da na Liman Mahadi, da na Baba Tahir wanda ya fi kowa tsufa a garin. Aka jera su a diwan tare da na mai gida. Attahiru ya shige da zartonsa ya danno ƙofa.

Da nasa ya fara. Ya rage rabin kowace ƙafa, ya ajiye, gado ya yi rawa. Bai zargi daɓen ɗakin ba, wanda tun gina shi yake da tudu da kwari. Ya rage ƙafar da yake zargi, sai rawar ta koma wancan gefe. Ya bi ta can. Kafin azahar abin da ya saura na ƙafafun bai wuce tsawon babban yatsa ba, kuma gadon bai fasa rawa ba. Ya ja da baya ya duba, ya ce daidai ke nan.

Sai dai gadajen maƙwabta sun tsaya zangal-zangal kewaye da nasa, sun ɓata masa tsari. Ya ɗan yi tunani, irin tunaninsa da ba ya wuce shan kofin ruwa. Ai alheri zai yi musu. Mutum ya kawo gadon kakanni ya koma da na zamani, kuma ba a karɓi ko sisinsa ba. Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama na Liman.

Matarsa Sabuwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta kira shi da sunan 'yarsu ta fari.

"Abu Widad, mi ka ke yankewa tun safe?"

"Tsohon zamani."

"In ka gama da shi, babu itacen girki."

Wannan magana ta yi masa daɗi, don a dizain ba a ɓarna. Ya sa gatari ya faskare ƙafafun nan duka, ya rungumo ya zube mata a bakin murhu. Sabuwa ta ɗaga wani guntu mai sauran jan fenti ta juya shi.

"Wanga itace da kwalliya?"

"Ragowar katakon najjar ne, kafinta. Busasshe, ba hayaƙi."

Mata sun cika tsakar gida, ga tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi, ga suyar albasa, ba ta da lokacin bincike. Ta cusa shi a wuta.

Ran Talata ya yanka tamfol ya ɗinka matasai da katifu da basilla. Auduga ta yi tsada, don haka ya kwashe harawar gyaɗar da ya tanadar wa awakinsa uku ya cusa, inda ba ta isa ba ya cike da ƙaiƙayin dawa daga masussuka. Awakin suka tsaya a bakin turke suna kallon abincinsu na rani yana shigewa cikin matashi. Teburi kuwa, a hoto dogo ne kuma ya yi ƙasa-ƙasa, sai ya ɓalle ƙofar diwan ɗin ya kwantar da ita a kan jan bulo huɗu. Dama a hotunan bai ga ɗaki mai ƙofa ba.

Da ya jera komai sai kusurwa ta rage a buɗe. Ya auna giɓin sau uku, sau uku yana fitowa daidai tsawon angarib ɗin Iya. Ya yini yana zagaya ɗakinta. Ya ce wa kansa ai ba taɓawa zai yi ba, gyarawa zai yi, kuma tsohuwa ma ta fi buƙatar gado maras tsawo. Ran Laraba da rana, da ya ga mata sun duƙufa kan tukwane, ya saɗaɗa ya shiga.

Bagaruwar da ta shekara sittin ba ta yankuwa a ɓoye. Zarto ya yi ta kuka kamar jaki. Ya ci fiye da rabin ƙafa ɗaya ke nan, haske ya tare a bakin ƙofa. Sabuwa ce, da muciya a hannu.

"Ajiye."

"Um Widad, ba ki gane ba, kusurwa ce..."

"Ajiye, ko in gwada maka dizain ɗin muciya."

Ya ajiye. Ta wuce shi ta nufi diwan ta ɗaga gefen tamfol. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi faɗa ban tsoro.

"Itacen da ka ba ni, ƙafafun gadajen mutane ne?"

"Sun dafa kisra, ai ba su tafi a banza ba."

"Ni ba ni ciki. Gobe da bakinka za ka yi bayani, tun da Allah ya hore maka shi. Gadon Iya fa?"

Attahiru ya kwaɓa laka ya cusa a tsagar, ya shafe da baƙin man takalmi, ya goge da gefen jallabiyarsa har wurin ya ɗauki ƙyalli.

"Khalas, shi ke nan. Iya da ba ta ganin saniya a ƙofar ɗaki, wanga ɗan layi za ta gani?"

Sabuwa ta buɗe baki za ta tuna masa dalilin da ya sa ake yanka rago gobe, sai ta rufe. Shekara ashirin da shida na aure sun koya mata cewa akwai karatun da ba mace ke ba da shi ba. Kusurwar kuwa, da buhun ƙaiƙayi ya toshe ta ya lulluɓe.

Ran Alhamis bayan azahar dattawa goma sha biyu suka iso cikin fararen jallabiyoyi da rawuna. Samari suna can bayan gida wajen nama. Attahiru ya tsaya inda ƙofa take a da, mita rataye a wuya, yana buɗe hannu.

"Itfaddalu. Ku shigo ƙarni na ashirin da ɗaya."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya duba angarib kafin ya zauna. Juya baya yake yi, ya tattare jallabiya, ya saki jiki, don gwiwarsa ta san inda gado yake tun yana yaro. Liman Mahadi ya juya baya, ya tattare, ya ce "Bismil", ya saki jiki. Sauran bisimillar a ƙasa ya ƙarasa ta, ƙafafu a sama, rawani ya gangara ƙarƙashin teburi. Kafin a yi wa sauran kashedi, mutum shida sun riga sun saki nasu jikin. Sa'idu da ya sauka sai da ƙura ta tashi daga matashi ta turnuƙe ɗakin.

Baba Tahir mutum biyu suka riƙe suna saukar da shi a hankali. Ana ta sauka, ana ta sauka.

"Ya Muhandis," in ji tsohon, "mun iso, ko da saura?"

"Ka iso, Baba. Ka ji yadda kashin bayanka ya miƙe?"

"Na ji gwiwata ta gaisa da kunnena. Rabonsu da juna tun ina cikin uwata."

Attahiru ya shiga zagaya ɗaki yana bayani. Wannan launi sunansa kaza, wannan kusurwa a ƙasashen waje sai minista. Ba a jima ba ƙaiƙayi ya fara ratsa tamfol, ya ratsa jallabiya. Dattawa masu mutunci ba sa susa a gaban jama'a, don haka kowa ya nemi dabara. Liman ya jingina da bango yana gogawa hagu da dama kamar mai zikiri. Wani ya zura carbi ta bayan wuya yana ja sama da ƙasa. Baba Tahir dai bai ɓoye ba, ya tura sandarsa cikin riga.

"Akwai abin da ka cizo cikin kujerar ga," in ji Sa'idu.

"Ba cizo ba ne, motsa jini ne. Wasu kuɗi su ka biya a yi musu."

"To ni jinina ya motsa, har ya fara neman hanyar gida."

Aka shigo da manyan faranti, kisra da miya da naman rago, aka ɗora a teburi. Farantin tsakiya ya ƙi zama, ya karkata, miya ta fara bin gefe. Sa'idu ya ɗaga shi ya ga sakata.

"Muhandis, in na zare sakatar ga na buɗe teburin, ina zan fita?"

Ba a kai ga amsa ba, awaki uku suka shigo. Babu ƙofar da za ta hana su, kuma kwana biyu ke nan suna jin ƙanshin harawarsu daga nesa. Uwar garken ta tsaya a gaban Liman, ido cikin ido, don yanzu tsawonsu ɗaya. Ta zagaya bayansa ta kama ɗinkin matashi ta fizge. Harawa ta zubo. Sauran biyun suka raba ɗakin tsakaninsu.

"A kore su," in ji Liman.

Kowa ya yunƙura, babu wanda ya tashi. Gwiwa ta wuce ƙugu, ciki ya cika da nama, babu abin dafawa sai ɗan'uwanka wanda shi ma neman abin dafawa yake. Baba Tahir ya kai wa akuya duka daga zaune, ya samu rawanin maƙwabcinsa. Attahiru ya bi ɗaya, ta haye teburi ta taka miya ta sauka a cinyar Sa'idu, ta kama tamfol ɗin da yake zaune a kai ta ja. Tamfol ya zame, saƙar gado ta bayyana, da wani faci na shuɗiyar igiya a tsakiya.

Sa'idu ya daina susa.

"Wagga igiya na san ta. Ni na saƙa ta da hannuna bara." Ya laluba ƙarƙashi da hannu, ya laluba ɗaya gefen. "Jama'a, kowa shi duba abin da shi ke zaune a kai."

Aka shiga ɗage tamfol. Liman ya ga harafin da ya ƙona a jikin nasa da ƙarfe. Baba Tahir ya gane nasa da ƙullin tsumman da matarsa ta ɗaura. Awaki dai suka ci gaba da tauna harawa.

"Attahiru," in ji Liman a hankali, ya ajiye Muhandis ɗin gefe, "ina ƙafafun?"

"Malam, in ka duba ta fuskar ilimi, ƙafa ga gado..."

Daga bayan katanga muryar Sabuwa ta taso, ba da ƙarfi ba, daidai yadda kowa zai ji.

"Ku tambaye shi da mi anka dafa naman da ku ka ci."

Baba Tahir ya dubi tsokar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta.

"Ashe gadona ni ka ci. Shi ya sa na ji ƙanshin ɗakina."

Mutum goma sha biyu suka yunƙura a tare, wannan karon ba don awaki ba. Attahiru ya ja da baya zuwa tsakiyar ɗaki inda sanda ba ta kaiwa, ya ga babu mai iya tasowa, sai ƙarfin hali ya dawo masa. Ya ce su kwantar da hankali, nan da shekara biyar za su zo su gode masa. Ya ce gado maras ƙafa yaro ba ya faɗowa daga kai. Sa'idu ya tambaye shi kunama fa, da damina, ita ma sai an sa mata tsani? Attahiru ya ce kunama ba ta cikin dizain.

Inuwa ta karkata, la'asar ta yi, masallaci shiru. Ladan yana nan a ƙasa da akuya a cinya, liman yana gefensa.

"Ɗaga ni in kira salla," in ji Sa'idu, "sauran maganar sai bayan sallama."

"Ka yi rantsuwa ba ka dukana."

"Ba ni rantsuwa kan abin da ban da tabbas."

Attahiru ya zaɓi Liman, don ya fi sauƙin hali da sauƙin nauyi. Ya kama hannayensa ya ja. Liman ya taso rabi, santsin miya ya kwashi ƙafar Attahiru, su biyun suka zube kan buhun kusurwa. Buhu ya fashe, ƙaiƙayi ya tashi ya rufe kowa.

Ana cikin tari da atishawa aka ji hon ɗin mota a ƙofar gida, mata suka ɗauki guɗa. Iya Kulu ta sauko, Muhsina na riƙe da jakarta, amma ba ta riƙe da hannunta, karo na farko cikin shekara shida. Hanyar shiga gida ta gaban diwan ta bi. Iya ta tsaya a bakin ɗakin da ba ƙofa, ta cire baƙin tabaran asibiti, ta duba. Dattawan garinta ne zube a ƙasa, fari fat da ƙura, suna susa, awaki na kiwo a tsakaninsu.

"Muhsina, kin tabbata likitan ga ya gama aikinsa? Rabi-rabi ni ka ganin mutane."

"Ya gama, Iya. Haka su ke."

"Malam Liman, kai ne? Na bar ka da tsawo."

"Hamdilla alas-salama, barka da dawowa, Hajja," in ji Liman daga cikin buhu. "Ɗanki ya rage mu."

Iya ba ta ko dubi inda ɗan nata yake ba.

"A fiddo min gadona."

Sabuwa da Muhsina suka ɗauko shi suka ajiye a rumfar ƙofar gida, inda har na cikin diwan suna hange. Iya ta tsaya a kansa. Ta bi saƙar da ido, ta bi katakon, ta tsaya kan wasu 'yan tsage uku da mahaifinta ya yi a gefen kai don shaida. Ta san su da yatsa, ta manta kamanninsu. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zubo. Har masu susa suka dakata.

Sannan idonta ya sauka kan ƙafar baya ta hagu, wadda ta fi 'yan'uwanta ƙyalli. Ta sunkuya ta shinshina. Ta sa farce ta kankara, laka ta zubo.

"Kai."

Attahiru ya fito yana kakkaɓe riga. Sai a lokacin ya tuna abin da aka je yi Sinja.

"Iya, tsagewar zafi ce. Katako shina numfashi, duk muhandis ya san haka."

"Da haƙoran zarto shi ka numfashi?"

"Ko kusa bai taɓa ƙarfinsa ba. Wanga gado ko raƙumi ya hau, ba abin da za shi same shi. Ki gani."

Ya juya baya ya faɗa a kai da duk nauyinsa. Ƙafar ta ce ƙaras. Gado ya kife gefe, Attahiru ya mirgina har bakin randa.

Babu wanda ya yi dariya. Iya ta sunkuya ta ɗauki guntun ƙafar, ta share man takalmin da bakin mayafinta, ta riƙe shi a ƙirji.

"Abu guda na roƙe ka," in ji ta. "Na ba ka gidan duka, na roƙi abu guda. Da wanga za ku kai ni kushewa, ina gangarowa a hanya?"

Attahiru ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, ta gaske, irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗan yaro a gindin wannan gadon.

Muhsina ta ce najjar na Hajj Abdalla zai iya haɗa ƙafar da turaku da ƙarfe, amma sai ran Asabar. Sabuwa ta ce bari a kawo jan bulo a tokare, ga mutane sun taru za su yi barka.

"Bulo bai yi min laifi ba," in ji Iya. "Bisa gadon ga na haifi wani abu, na shekara hamsin ina ciyar da shi. Yau shi yi amfani. Kai, zo nan. Zauna."

Ya zauna a ƙasa. Aka ɗaga kusurwar gado aka ɗora masa a kafaɗa. Iya ta hau ta harɗe, ta gyara mayafi, ta ce a shigo da masu gaisuwa.

Samari suka zo suka fiddo dattawa ɗaya bayan ɗaya kamar ana ciro guga daga rijiya. Aka kira salla a makare, aka yi, aka ba Attahiru izinin yin tasa Sabuwa na riƙe da kusurwa, yana sallamewa aka mayar da shi bakin aiki. Duk dattijon da ya zo yi wa Iya barka sai ya jingine gadonsa maras ƙafa kusa da Attahiru. Baba Tahir ya ce shi ba ya gaggawa, in an gama da Hajja nasa na buƙatar mutum huɗu, amma zai yi haƙuri da ɗaya.

Sa'idu ne ya zo ƙarshe. Ya gaida Iya, ya sunkuya da ƙyar ya zare mitar daga wuyan Attahiru. Ya auna ƙafar dama, ya auna ta gaba, ya auna daga ƙasa zuwa kafaɗar Muhandis. Ya girgiza kai.

"Hajja, wagga ƙafa ta ɗara sauran da santi biyu. Ga zarto can. A rage?"

Iya ta leƙo ta dubi ɗanta da sababbin idanunta, tun daga furfurar da ba ta san ya yi ba har ƙaiƙayin da ke gemunsa.

"Bar ta tukuna," in ji ta. "In ta yi magana, a rage."

Attahiru ya riga ya buɗe baki, don akwai bayani mai kyau da ya zo masa game da santi biyun nan. Sai Iya ta gyara zama, nauyinta duka ya sauko a kafaɗarsa, ya ji ashe bai fi na buhun harawa ba. Bai san ta rame haka ba. Ya rufe bakinsa, ya ɗan sauke kafaɗa don gadon ya daidaita.